Hedifon Mai Rufaffen Baya: Zaɓen Abin Sauraro Daga Mai Wurno Zuwa Damazin

Da bazara, a ƙauyukan Hausawa na Jazira da na gaɓar Shuɗin Nilu, ba a kwana a ɗaki. Da an idar da sallar isha'i sai a fito da gadajen angarib tsakar gida a jera: na maigida can gefe, na mata da yara nan, na samari kusa da ƙofa. Tsakanin gado da gado bai wuce taku biyu ko uku ba. A irin wannan kwanciya, duk abin da wayar mutum ɗaya ta furta, gida duka ya ji. In karatun Alƙur'ani ne, ba mai cewa uffan. In kuwa waƙar soyayya ce ta Hamisu Breaker ko ta Umar M. Shareef, saurayin da ya bari ta shiga kunnen mahaifinsa, ko amaryar da ta bari surukarta ta ji, ya taɓa abin da Bahaushe ba ya wasa da shi a ko'ina yake zaune, wato kunya.

Wannan shi ne dalili na farko da ya sa hedifon mai rufaffen baya ya dace da waɗannan garuruwa fiye da kowane iri. Ƙwararrun sauti a Turai da Amurka sukan fifita mai buɗaɗɗen baya, kuma suna da hujja, domin sautinsa ya fi sakewa. Amma shi an yi shi ne don mutumin da ke da ɗaki nasa shi kaɗai, da ƙofa mai rufuwa, da shiru. A Mai Wurno ko a kambon leburorin gona da ke bakin magudanar ruwa kusa da Managil, shiru da kaɗaici su ne suka fi komai tsada.

Me ake sauraro?

Kafin a kai ga maganar na'ura, ya kamata a san kunnen da za ta hau da abin da yake nema.

Hausawa da Fulani ba jiya suka zo Sudan ba. Hanyar hajji ta ƙasa, wadda ta ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kordofan ta nufi Bahar Maliya, ta daɗe tana ajiye mutane a kan hanya: wasu guzuri ya ƙare musu suka tsaya noma, wasu sun sauke farali suka dawo suka yada zango, zangon ya zama gida. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka zauna a bakin kogi kudu da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, wanda da ƙarin Managil ya haura faddan miliyan biyu, sai tsinkar auduga ta buƙaci hannuwa. Mutanen yamma suka cika gurbin. Wasu sun sami hawasha, wato gona tasu a cikin gandun, da yawa kuma suka zauna a kambo, unguwannin leburori na gefen gonaki, waɗanda har yau da dama daga cikinsu ba su da wutar lantarki ko ruwan famfo.

Jikoki da tattaɓa-kunnen waɗancan matafiya 'yan Sudan ne, Larabci suke yi a kasuwa da makaranta, kuma akasarinsu ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato da ido ba. Da kunne suka san su. Kunne ya girmi kaka, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta tabbata. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, gajeren zango ya riƙa kawo muryar gida. Kaset ya biyo baya da Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge. Yau kuma memori ne ɗan mitsitsi cike da Nura M. Inuwa da Aminu Ala da tafsirin azumi da fina-finan Kano.

Ɗaya kunnen kuma na Sudan ne. A cikin wannan memorin za ka tarar da Muhammad Wardi da Abdulkarim al-Kabli da Muhammad al-Amin, ɗan Wad Madani, da madihu masu bege, da karatun marigayi Shaikh Nurain Muhammad Siddiƙ, wanda ya rasu a hatsarin mota a Nuwamban 2020. Kunnuwan biyu ma sun taɓa haɗuwa a maƙogwaro ɗaya: A'isha al-Falatiya, haifaffiyar Kasala wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato, ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman a 1942, lokacin da hakan abin gori ne ga mace, kuma ta rera da Larabci da Hausa.

Abin lura a duk wannan jeri shi ne murya ce a gaba. Shata magana yake yi a kan kalangu. Ɗan Maraya labari yake bayarwa, kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yana raka shi. Muhammad al-Amin murya ce da udu. Karatu da tafsiri kuwa ba komai sai murya. Don haka a wurina ma'aunin hedifon a wannan yanki guda ne: shin yana fitar da muryar ɗan Adam tas, har ka bambanta ka da ƙa, sa da tsa, da da ɗa? In bai yi haka ba, komai kyan kwalinsa, ba naka ba ne.

Abin da ke cikin ƙoƙon

A cikin kowane ƙoƙon kunne akwai ƙaramar lasifika, faɗinta yawanci milimita 40 zuwa 50: fatar roba siririya, da naɗin zaren tagulla, da maganaɗisu. Wuta na shiga sai fatar ta riƙa motsi gaba da baya, tana tura iska. Sautin yana fita ta fuska biyu, ɗaya zuwa kunne, ɗaya zuwa baya. Duk bambancin yana wurin wannan na bayan. Kamfanin Sennheiser na Jamus, a 1968, ya fito da HD 414 wanda ya bar bayan a buɗe, sautin ya fice abinsa. Mai rufaffen baya kuwa yana tsare shi a ciki, kamar yadda hedifon na farko-farko suka yi, tun daga wanda Nathaniel Baldwin ya ƙera wa sojan ruwan Amurka a 1910.

Tsarewar tana da riba biyu da hasara biyu. Naka ba ya fita, na waje kuma ba ya shigowa sosai. Amma sautin da aka kulle yana kai-kawo a cikin ƙoƙon. Duk wanda ya taɓa sunkuya ya yi magana a bakin randa ya san yadda murya ke kumbura ta yi gum. Masu ƙira na kirki suna cusa soso ko ulu a ciki, su auna girman ƙoƙon, wani lokaci su huda ɗan ƙaramin rami don iska ta numfasa. Masu neman kuɗi da gaggawa ba sa damuwa, don sun san wannan kumburin shi ne mai saye ke kira bes, shi yake sa a ciro kuɗi. Hasara ta biyu ita ce zafi, kuma za mu zo gare ta.

Kumburin nan yana zaune ne daidai inda gindin muryar namiji yake, tsakanin Hz 100 da 250. Baƙaƙen da ke rarrabe kalma da kalma kuwa suna can sama, daga wajen Hz 2,000 zuwa 4,000 da abin da ya fi. Idan ƙasa ta yi yawa sai ta danne sama: ka ji ganga na dukan ƙirji, amma baitin ya dushe. Mai sauraro sai ya ƙara sauti don ya kamo kalmomin, ya cuci kunnensa a banza. Akwai kuma kishiyar wannan. Wasu hedifon da aka yi don ɗakin naɗar sauti suna da kaifi a sama; DT 770 Pro na Beyerdynamic, wanda ake ƙerawa tun 1985, ya yi suna da haka. A kan sabon naɗi mai tsabta abin yana da daɗi. A kan tsohuwar waƙar Ɗanƙwairo da aka kwafo daga kaset, aka matse ta, ta bi waya goma kafin ta iso gare ka, kaifin zai fito maka da shuuu ɗin kaset fiye da muryar mawaƙin. Wanda yawancin abin saurarensa tsoffin naɗi ne, gara ya nemi mai sauti matsakaici, ba tudu ba kwari.

Akwai wani abu da ba a rubuta shi a kwali. Mai rufaffen baya ba ya aiki sai soson ya kwanta ya manne da fata kewaye da kunne. Da iska ta sami kafa, sautin ƙasa ya tsere, hayaniyar waje ta shigo. Ƙafar tabarau tana buɗe wannan kafa. Gefen hula da naɗin rawani suna buɗe ta. Ga mata, ɗankwali da mayafin taub da kitso mai kauri duk suna shiga tsakani. Shi ya sa ba a aiken yaro ya sayo hedifon. Mai shi ne zai gwada, sanye da abin da ya saba sawa a ka. Soso mai kauri da laushi yana haɗiye ƙafar tabarau, siriri mai tauri ba ya iyawa. Kuma wanda ke kewaye kunne gaba ɗaya ya fi wanda ke zama a kan kunne daɗin doguwar sauraro, ko da yake na biyun ya fi sauƙin ɗauka, ya kuma fi barin iska.

Zafi da ƙura

A Afrilu da Mayu zafin Jazira yana haura digiri 40 kusan kullum. Duk wanda ya rufe kunnensa da fatar roba a wannan yanayi, kafin waƙa uku ta ƙare gumi ya jiƙa soson. Ba rashin daɗi kaɗai ba ne. Abin da ake kira fata a yawancin hedifon, har da masu tsada, yadi ne aka shafa masa roba siririya, kuma gumi da zafi suna cinye ta. Sai ta tsattsage, ta fara barbaɗowa baƙi-baƙi a wuya da kafaɗar jallabiya. Daga nan rufin ya lalace, sautin ya bi shi.

Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci a gaban mai shago ita ce: soson nan yana cirewa? In yana cirewa, hedifon zai yi shekaru, don sabon soso kuɗinsa kaɗan ne, kuma ko tela zai iya ɗinka masa riga da ƙyallen auduga mai laushi a sa roba a baki. In manne shi aka yi da gam, ranar da ya mutu hedifon ya mutu. Soso mai gashi-gashi irin na karammiski ya fi sanyi a kunne kuma ba ya barbaɗewa, ana ma wanke shi, sai dai yana barin hayaniya ta ɗan shigo, yana kuma shan ƙura. A ƙasar da guguwar habub ke tasowa ta rufe rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka rufaffen baya ya tsere wa buɗaɗɗe a nan ma: ragar da ke bayan buɗaɗɗen ƙofa ce ga ƙura, kuma maganaɗisun ciki yana jawo duk wani ɓurɓushin ƙarfe ya maƙale a fatar lasifikar, ta fara kakari. Jakar yadi mai zuge ta ishe shi kariya, a goge soson da ɗanyen tsumma bayan an cire, a bar shi ya bushe a inuwa.

Igiya ko batir

Wani zai ce, mutanen da yaƙi ya tarwatsa, ina su ina zaɓen hedifon? Tambayar tana da nauyi. A Yuli da Oktoban 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu, a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, ya kashe ɗaruruwa, ya kori dubban Hausawa daga gidajensu. A 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023, sai a Janairun 2025 soja suka karɓe ta. Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024, aka ƙwato ta a Nuwamba. Mazauna kambo sun sha wuya a hannu fiye da ɗaya. Iyalai sun zauna a azuzuwan makaranta, gida da yawa a aji guda, zani ne kawai labule.

Amma a irin wannan zama ne ma abin yake ƙara daraja. Macen da mijinta ya aiko mata da saƙon murya daga Jidda ko Bur Sudan tana son ta ji shi ita kaɗai. Ɗalibin da makarantarsa ta rufe yana bin darasi a waya. Dattijon da barci ya ƙaurace wa yana son ya ji Suratu Yusuf ba tare da ya tashi jariri ba. Ba na ganin ɗayansu a matsayin mai almubazzaranci.

Yaƙin kuma ya koyar da darasi a kan na'ura. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink don su tura saƙo ko su karɓi kuɗi ta manhajar Bankak. Wutar lantarki ta zama sai an gani, duk da cewa madatsun Sinnar da Rusairis suna nan a kan Shuɗin Nilu. Caji ya koma hannun masu sola. A wannan hali duk na'urar da ke neman nata cajin daban ta zama ƙarin baki a kan ɗan abin da ake da shi.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: mai igiya ya fi. Ba ya neman caji, abin da yake ja daga waya kaɗan ne, kuma a da yawa daga cikin wayoyin Tecno da Itel da Infinix da ƙananan Samsung, rediyon FM ba ya kamawa sai an soka igiya, don ita ce eriyarsa. Batirin litiyam kuwa zafi ne ajalinsa. A bar shi a gaban mota, ko a ɗakin kwano da tsakar rana, ko a yi cajinsa a rana kusa da farantin sola, ƙarfinsa zai riƙa raguwa har ya kumbura, kuma a mafi yawan hedifon na Bluetooth ba a yi shi don a canza ba. Wanda duk da haka yake son marar igiya, saboda aiki ko tafiya, to ya tabbatar yana da ramin milimita 3.5, kuma ya gwada a shago ya ga yana magana ta igiya alhali a kashe yake. Akwai masu yin awa 40 a caji ɗaya, irin su JBL Tune 510BT, amma shi wannan ba shi da ramin igiya. Soundcore Life Q30 na Anker yana da shi. Irin wannan ɗan bambanci ne ke raba wanda zai yi amfani ranar da babu wuta da wanda zai zama kayan ado.

Igiya ma tana da lagonta. Kusan duk hedifon da ya mutu, a wuyan filogi ya mutu, ko a inda igiyar ta shiga ƙoƙo: kunne ɗaya ya ɗauke, sai an murɗa ya dawo. Mai igiya mai cirewa, kamar ATH-M40x da ATH-M50x na Audio-Technica ko K371 na AKG, canza ta kawai za a yi. Wanda tasa a dashe take, mai gyaran waya zai iya yanke filogin ya liƙa sabo da dalma, aikin 'yan mintuna. A kuma duba tsawo: Sony MDR-7506, wanda gidajen rediyo ke amfani da shi tun 1991 saboda yadda yake fitar da murya, igiyarsa naɗaɗɗiya ce mai nauyi da ke miƙewa har mita uku. A gida lafiya lau, a cikin bas kuwa wahala ce. Wayoyin da ba su da rami, salon da ya bazu bayan Apple ta cire shi daga iPhone 7 a 2016, suna buƙatar ɗan mahaɗi na USB-C, kuma wasunsu ba sa karɓar kowanne sai mai ɗan ƙwaƙwalwar sauti a ciki, don haka a gwada kafin a biya.

Sai lambobi biyu da ke jikin kwali. Ta farko turjiya ce, ana auna ta da om. Wayar hannu ba ta da ƙarfin tura wuta sosai, don haka abin da ke tsakanin om 16 da wajen 64 shi ne nata. M50x om 38 ne, K371 om 32, MDR-7506 om 63. DT 770 Pro yana zuwa iri uku, 32 da 80 da 250, kuma wanda ɗan'uwa ya aiko masa da na 250 daga waje zai ƙure sautin wayarsa ya ji kamar daga nesa ake magana, ya ɗauka jabu ne, alhali amfilifaya yake nema. Lamba ta biyu ita ce yawan ƙarar da yake bayarwa a kan wuta kaɗan, da desibel. Daga 98 zuwa sama waya za ta ɗauke shi ba wahala. Sauran rubutun, irin su Hz 20 zuwa 20,000, kowa na buga shi, na dubu da na miliyan, bai gaya maka komai ba.

Game da masu kashe hayaniya da lantarki, fasahar da Bose ta fara sayar wa matuƙa jirgin sama a 1989: ƙananan makirfo ne ke ɗaukar ƙarar waje, na'urar ta ƙirƙiro kishiyarta, su kashe juna. Tana aiki sosai a kan gurnani mai ɗorewa, na injin bas a hanyar Sinnar zuwa Damazin, na janareta, na injin ban-ruwa. Kukan yaro da hirar mata da haushin kare kuwa soso ne ke tare su, ba lantarki ba. A bayan lori ko a raksha, wato babur mai ƙafa uku, iska tana bugun makirfon ta ƙara hayaniya. Kuɗin da za a ƙara don ita, ga mafi yawan mutane, gara a zuba shi a ingancin soso da igiya.

Kunnen da aka toshe

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yaro. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 92 awa biyu da rabi a mako gaba ɗaya. Wayar da aka ƙure tana iya wuce 100. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, in sun mutu ba sa tofowa, kuma a ƙauyen da asibitin kunne ke da nisan yini, ba abin da za a yi wasa da shi ba ne. Wanda ya cire hedifon ya ji kunnensa na kuka, ko muryoyin mutane sun yi masa dishi-dishi, ya riga ya wuce gona da iri.

A nan rufaffen baya yana taimako na gaske. Mutum yana ƙara sauti ne don ya rinjayi hayaniyar da ke kewaye da shi. In soso ya rage ta, sai ya wadatu da rabin ma'auni ko kashi 60 cikin 100. Ya kuma fi ɗan iyafis na cusawa tsabta a gidan da abu ɗaya ke zagaya kunnuwa biyar, don shi ba ya shiga rami, gogewa ta ishe shi.

Sai dai abin da ya sa yake da amfani shi ne kuma haɗarinsa. Kunne mai gadi ne. Mai tuƙa raksha ko keken jaki a bakin kwalta, mai tafiya a gefen hanyar Madani da manyan motoci ke bi, yarinyar da aka bar wa ƙanne kusa da magudanar ruwa, mai gadin gona da dare, babu ɗayansu da ya kamata ya rufe kunne biyu. A shekarun nan mutanen Jazira da Sinnar sun koyi rarrabe ƙarar mota da ƙarar mota, da jin jirgi marar matuƙi kafin a gan shi, kuma wannan ilimi ya ceci rayuka. Ko a zaman lafiya akwai haƙƙoƙin da ke shigowa ta kunne: kiran salla, sallamar baƙo a ƙofa, da kiran uwa. Yaron da Inna ta kira sau uku bai ce na'am ba, ba za a karɓi uzurin cewa kunnensa a rufe yake ba, kuma daidai ne kada a karɓa. Shi ya sa nake ganin darajar ƙoƙon da ke juyawa, a ture ɗaya bayan kunne a bar ɗaya. HD 25 na Sennheiser, mai nauyin giram 140 kacal, wanda kusan kowane ɓangarensa ana canzawa, an yi shi da wannan dabara, M40x da M50x ma ƙoƙunansu na juyawa.

A kasuwa

Sunayen da na ambata ba su ne ke rataye a rumfunan masu kayan waya na Sinnar ko Hasahisa ba. MDR-7506 yana kusan dala 100 a kasuwannin waje, M50x kusan 150, ƙaninsa M20x kusan 50, kuma da yadda fam ɗin Sudan ya zube, ko na ƙarshen ya fi ƙarfin leburan gona. Na kawo su ne don wanda ke da ɗan'uwa a Saudiyya ko Masar ko Kano ya san abin da zai ce a sayo masa, kuma don a san siffofin da za a nema a mai araha. Abin da ke rumfa yawanci kayan Sin ne, wasu da sunansu na gaskiya kamar Oraimo, na kamfanin da ke yin Tecno da Itel, wasu kuma an buga musu sunan Sony ko JBL ko Beats na ƙarya. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma mai araha da ya amsa sunansa ya fi jabun da ya ari sunan wani, don na farkon yana da abin da zai kare.

Mai shago zai sa maka waƙa mai dukan ƙirji ya ce ka ji bes. Ka roƙe shi ya bari ka soka a taka wayar. Ka sa karatun da ka haddace da muryar da ka sani, sannan tsohuwar waƙar Shata, ka ji ko kana kama kowace kalma da ta 'yan amshi ba tare da ka ƙara sauti ba. Ka tsayar da waƙar, hedifon na kanka, ka ji nawa ne ya ragu daga hayaniyar kasuwa. Ka mayar da ita, ka tambayi na kusa da kai ko yana jin abin da kake ji. In yana ji a kasuwa, to a tsakar gida da dare kowa zai ji. Ka murɗa igiyar a wuyan filogi ka saurari ƙaraf-ƙaraf. Ka duba maɗaurin da ke riƙe ƙoƙon, nan ne roba ke karyewa, in da ƙarfe a cikin baka ya fi. Ka bar shi a kanka minti goma ko da mai shago ya ƙosa, domin matsin da ba a ji a minti na farko shi ne ke zama ciwon kai a na talatin, kuma abin da ya haura giram 300 wuya zai gaya maka.

In kuwa aike za a yi daga waje, a haɗa da soso biyu na canji da igiya ɗaya ta ajiya a cikin kwalin tun farko. Nauyinsu bai kai na sabulu ba, kuma neman su daga baya, daga Mai Wurno ko Wad al-Mahi, sai an sake jiran wani matafiyin.